Ajiyar Mati Guduma

Ni na tsiyayar wa Mati da idonsa na dama. Da sanda ne, a filin wasan mizmar na bayan unguwar Mansur, washegarin ƙaramar Sallah, a gaban mutanen unguwa biyu. Lokacin gemuna bai gama fitowa ba. Makka kuwa gari ne da ake rama ido da ido, kuma na san haka tun kafin jininsa ya taɓa ƙasa. Daga yammacin nan na shiga kwana da tashi cikin tsoron ranar da za a zo karɓar nawa.

Filin babu shi yanzu. Kwanan baya aka wuce da ni ta wurin a mota, na ce a tsaya, na duba na rasa inda yake. Bene ne a kai, da shagon sayar da waya a ƙasa. A zamaninmu Mansur ɗakunan kwano ne, waɗanda muke yi da garwar kananzir da aka fasa aka miƙe, da rana su gasa ka, in iska ta taso su yi ta kuka. Kafin a kira asuba za ka ji ƙarar garewani suna gugar juna a hanyar bazan, wato babbar ma'ajiyar ruwan da muke ɗiba. Rana na fitowa sai guduma ta amsa daga kan dutse. Da waɗannan ƙararraki biyu muke sanin lokaci. Yau in na farka ba na jin komai sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki, kuma jikokina in sun murɗa famfo ba su san akwai kafaɗar da ta taɓa tsagewa kafin ruwa ya hau bene ba.

Mu 'yan ga-ruwa ne. Sanda a kafaɗa, garwa biyu cike, ɗaya gaba ɗaya baya, mu hau gidajen mutanen gari hawa huɗu, hawa biyar, ta matakala mai duhu da santsi. Kana shiga ƙofa za ka ce "ɗarik, ɗarik", wato a ba da hanya, don matan gida su kauce, sannan ka kafa idonka a kan matakala. Wanda ya ɗaga kai zai yi asara biyu: ya zubar da ruwa, kuma maigida ya hana shi sake taka gidan. Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, shi ne babbanmu a bazan, shi ya ɗora mini sanda ranar farko. Ya ce ɗan ga-ruwa ƙafa yake gani, ba fuska ba. Gidajen da na yi shekaru ina kai wa ruwa, da za a jera mini mutanensu ba zan gane su ba, amma takalmansu na san su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya tono mini wannan zance shi ne 'yan Pakistan ɗin da ke wasa a wani kango bayan gidanmu kowace Juma'a da safe. Wani wasa ne da ƙwallo mai tauri da faffaɗan katako, kurket suke ce masa. Mai kantin da ke ƙasanmu ɗan ƙasarsu ne, shi ya ce mini manyan 'yan wasan ƙasarsu da na maƙwabtansu kwana biyar suke yi ana bugawa, wani lokaci ma a tashi babu wanda ya ci. Ya yi ta lissafa mini: su suna da masu jifa kamar harsashi, waɗancan suna da masu duka da ba sa gajiya. Na ce masa duk wannan ƙarfi ne, kowa ya san ƙarfinsa, ina raunin? Ya ce nasu ba su da rauni. Na karɓi burodina. Mu ma haka muke cewa.

Mizmar wasan sanda ne na mutanen Hijaz, amma mu Takari mun riƙe shi kamar da shi aka haife mu. Ana yin da'ira, a hura wuta a tsakiya don gasa fatar ganguna, mutum biyu su shiga suna zagaya wutar suna juya sanduna. In 'yan unguwa ɗaya ne, rawa ce kawai. In an haɗu da wata ƙungiya, to gwaji ne: wanda ya kaɓe rawanin ɗan'uwansa ko ya fitar masa da sanda daga hannu ya ci. Ba a taɓa fuska. Wannan doka ce da ko mahaukaci ya sani. Sandar kuwa ba irin ta kiwo ba ce. Ana shafe ta da kitse, a gasa, a sake shafawa, har ta yi baƙi ta yi nauyi kamar ƙarfe.

Abokan karawarmu masu fasa dutse ne, Hausawa 'yan'uwanmu da ke zaune a gindin dutsen da ake saro duwatsun gini. Yawancinsu ta Sudan suka biyo, sun yi shekaru a hanya kafin su iso. Masallaci ɗaya muke sallah, muna cin sunan 'ya'yan juna, amma in Sallah ta zo babu sani babu sabo. Ƙarfinsu a wuyan hannu yake. Mutumin da ya wuni yana sauke guduma a kan dutse, in ya sauke maka sanda ko ka tare sai ka ji ta har haƙoranka. Ba sa tsoron ciwo, yatsunsu duk a murɗe suke. Amma ƙurar dutse ta cinye musu ƙirji. In wasa ya yi tsawo za ka ji numfashinsu yana fito kamar tsohon zugazugi, kuma ƙafafunsu nauyi gare su, don aikinsu a tsaye wuri ɗaya ake yinsa. Mu kuma ƙafa muke da ita da numfashi. Wanda ya hau bene sau talatin a wuni ba zagaya wuta ce za ta gajiyar da shi ba. Ba ma tuntuɓe, ba ma karkacewa. Sai dai dukanmu ba shi da nauyi, kuma kowannenmu kafaɗarsa ɗaya ta sauka ƙasa da ɗaya. Kafaɗar nan ita ce gonarmu, mu kuwa muna kare ta fiye da yadda muke kare kawunanmu, su ma sun san haka.

Sallah uku a jere suka kwashe rawunanmu suka rataye a kan sanda a bakin dutse, kowa ya wuce ya gani. Duk aikin Mati ne, wanda suke kira Guduma. Gajere ne, ba shi da wuya, ba ya dariya sai in zai yi mugunta. A Sallar da ta gabata ya sauke wa gwaninmu sanda a kafaɗa, ƙashin ya karye. Mutumin bai sake ɗaukar garwa ba. Ya koma zama a inuwar masallaci yana jiran abin da muka rage masa. Kullum in zan wuce sai na gan shi, in taɓa tawa kafaɗar.

Ana sauran kwana biyu Sallah Kawu Ilu ya kira ni bayan bazan. Ya ce bana ni zan shiga.

"Kawu, Mati ne fa."

"Na san sunansa. Ba 'ya zan ba shi ba." Ya tofar da yawu gefe. "Ka taɓa kallon fuskar mai fasa dutse lokacin da gudumarsa ke sauka?"

"Ban taɓa ba."

"Ina za ka gani, kai da idonka ke kan babban yatsanka. Rufe ido suke yi. Dukkansu, don kar tsakuwa ta shiga. Wata guda na yi ina kai musu ruwa kan dutse ina kallo. Mati ma yana yi, har a fili, bai san yana yi ba. Hali zanen dutse. In sandarsa ta taho, makaho ne. Ka goce hagu, ka ɗauke rawanin. Kai ne ka fi kowa sauri a cikinmu."

"In kuma ban goce ba?"

"Sai mu samo maka wuri a inuwar masallaci. Abu ɗaya nake so. Ka ɗaga kai. Ka ji ni? Ka ɗaga kai."

Inna tana soya ƙosai a ƙofar ɗaki da labarin ya kai mata. Ba ta ɗago daga kaskon ba. Ta ce, "Ilu, 'ya'ya uku na fito da su daga gida. Wannan kaɗai ya iso." Kawu ya ce wasa ne, Yaya. Ta ce wanda ke zaune a masallaci ma wasa ne.

Ranar, bayan la'asar, fili ya cika har kan duwatsu. Na tuna ƙaurin itacen da aka hura da warin kitsen sanduna. Na tuna tun safe ko abincin Sallah ban iya ci ba. Aka yi wasa uku kafin namu, muka ci ɗaya suka ci biyu. Sai ganga ta canja, Mati ya shigo yana jan sandarsa a ƙasa. Aka tura ni.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce, "Ɗan ga-ruwa, ka zo da garwarka? Za ka nemi na wanke wando."

Mutanensa suka yi dariya. 

Muka zagaya wuta sau biyu. Dukan farko na tare, hannayena suka mutu har gwiwar hannu. Na biyu ya wuce ta gefen kunnena, na ji iskarsa. Na ja shi muka yi ta zagaye kamar yadda aka koya mini, har na fara jin ƙirjinsa yana fito. Kawu yana ta kira daga baya, yanzu, yanzu. Sai Mati ya tsaya, ya ɗaga sanda da hannu biyu har bayan kansa, daidai saitin kafaɗata ta dama. A nan tsoro ya ƙwace ni, jikina ya koma abin da ya saba. Kaina ya sunkuya. Abin da na gani ƙafafunsa ne, farare da ƙurar dutse, masu faso, na dama tana matsowa gaba. Ban goce ba. Na cilla bakin sandata sama, inda nake zaton rawanin yake. Shi kuma ya taho da dukkan nauyinsa, idanunsa a rufe. Mutum biyu a tsakiyar fili, babu mai kallon wani.

Na ji sandar ta shiga wani abu mai taushi. Ganga ta tsaya. Mati bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa a hankali, ya dafe fuska, jini da wani ruwa suna bin tsakanin yatsunsa. Rawaninsa na nan daram a kansa, ko karkacewa bai yi ba.

Ban san wanda ya fitar da ni ba. Kwana uku na yi a ɗakin da muke tara garewanin da suka huje. In iska ta motsa su sai na zabura, in ce askarawa ne. Na taɓa tsayawa cikin taro wata Juma'a bayan sallah na ga yadda ake zartar da hukunci. Ba a gaggawa, ba a fushi, mai yi yana yi kamar mai yankan farce. Wannan natsuwar ce take dawo mini. Na riƙa rufe idona na dama da tafin hannu ina duba ɗakin, in ga yadda duniya za ta koma. Na gwada miƙa hannu in ɗauki moɗa, na kuskure ta. Na ce to, mai ido ɗaya zai iya hawa matakala da garwa biyu? Inna tana kawo mini abinci. Ba ta yi mini faɗa ba ko sau ɗaya. Sai dai ta tsaya tana kallon fuskata ta daɗe, kamar mai haddace abu. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Rana ta huɗu umda ya aiko, wato mai unguwa. Muka same shi a kan doguwar kujerarsa a bakin hanya, da askari guda a tsaye gefensa. Mati yana zaune a tabarma, an ɗaure masa rabin fuska da farin ƙyalle. Kawu Ilu ya riƙe ni a damtse.

Umda ya ce, "Ya Mati, haƙƙinka ne. In ka faɗi suna, yau zan tura maganar gaban alƙali. Wa ya yi maka wannan?"

Mati ya juyo da idon da ya rage ya same ni. Ya daɗe. Na ji fitsari yana neman ƙwace mini.

"Tsakuwa ce ta yi tsalle, a wurin aiki."

"Washegarin Sallah?"

"Dutse bai san Sallah ba, ya umda."

Umda ya dubi askari, askari ya dubi sama. Duk wanda ke wurin ya san gaskiya, har da su biyun. Amma abin da ya faru a cikin da'ira ba a kai shi gaban hukuma, sai in mai ciwon ne ya kai da kansa. Umda ya ce halas, Allah ya sawwaƙe, a tashi.

Na durƙusa zan kama ƙafar Mati. Ya janye ta. Ya jawo ni da wuyan riga har na ji warin maganin da ke cikin ƙyallen, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Kar ka gode mini. Ban yafe ba. Ba na so a ce Mati ya kai wasa wurin alƙali, shi ke nan. Idonka na dama nawa ne. Ka riƙe mini. Ranar da nake so zan aiko."

Shekara tara na riƙe. Ban sake taɓa sandar mizmar ba, ko ganga na ji sai in canja hanya. Na yi aure, na haifi biyu, Inna ta rasu, amma duk sallamar da aka yi a ƙofata sai gabana ya faɗi kafin in amsa. Makka ta lokacin ƙarama ce, ba a ɓuya. Mukan haɗu a kasuwa ko a jana'iza. Sai ya tsaya a gabana, da ramin nan a fuskarsa wanda ya ƙi rufewa da komai, ya ce, "Ɗan ga-ruwa, yaya ajiyata?" In ce tana lafiya. Ya ce, "Ka riƙa sa mata kwalli, ba na son ta lalace." Mutane su yi dariya, su ɗauka barkwanci ne. Shi ba ya dariya. Yaran yanzu in sun ji tsoro akwai likitan da ake kai su wurinsa su yi hira. Mu a cikinmu muke barinsa, ya zauna kamar tsakuwa a takalmi, kana tafiya da shi kana aiki da shi.

Sai gari ya fara canjawa. Aka fara jan famfo zuwa gidajen masu hali, gidajen da muke hawa suka ragu. Aka shiga faɗaɗa Harami, dutsen da ake bi da guduma wata guda aka koma tashinsa da nakiya a wuni ɗaya. Wata ranar Talata na ji a bazan cewa nakiya ta tashi kafin lokacinta, ta sami mutum uku, har da Mati. Ya rayu, amma idon da ya rage ya tafi. Na ajiye garwa na zauna a ƙasa. Na san abin da ke biye.

Bayan kwana arba'in matarsa ta zo da kanta. Ta tsaya a ƙofa ta ƙi shigowa. Ta ce, "Ya ce ka kawo masa ajiyarsa."

Na yi alwala. Na kalli 'ya'yana da ido biyu, na kalli uwarsu, wadda ba ta san komai ba don ban taɓa gaya mata ba. Na ce zan je in dawo. Tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba, sau uku ina tsayawa ina dafa bango. Guduwa ta zo mini a rai. Amma mutumin nan ya tsaya gaban umda ya yi ƙarya domina, kuma haƙƙin nasa ne.

Na same shi zaune a ƙofar ɗakinsa, fuskar duk tabo. Baƙar sandar nan tana kwance a kan cinyarsa, an shafe ta da kitse tana ƙyalli. Na yi sallama.

"Ka zo da ita?"

"Na zo da ita."

"Matso."

Na matsa na durƙusa. Ya ɗaga sandar, ya miƙo bakinta yana lalube har ta taɓa ƙirjina, ta hau wuyana, ta tsaya a kumatuna na dama. Na rufe ido. Ina jin sanyinta a ƙasan fatar idona. Na yi kalmar shahada a zuci.

"Me kake jira? Kama can ƙarshen."

Ban gane ba. Ya zungure ni da ita.

"Kama, na ce. An kusa kiran la'asar, kwana arba'in rabona da Harami. Matata ba ta iya ratsa taron maza da ni." Ya miƙe yana nishi, ya riƙe nasa ƙarshen. "Kuma ka ɗaga kai. In ka kai ni cikin rami da kallon ƙafarka, ko ba ido zan same ka."

Na kama. Hannuna yana rawa har ya ji ta cikin sandar, ya ce in daina kaɗa shi kamar mai tankaɗe.

Shekara goma sha huɗu ina gaba yana baya. Da safe in yi ɗibar ruwa, da la'asar in zo in ɗauke shi. Na kai shi Harami, na kai shi Arfa lokacin aikin Hajji inda yake zama yana tsaron kayan masu dafa abinci, na kai shi ɗaurin auren 'yarsa. Yakan ce in gaya masa abin da idonsa ke gani, ni kuma in faɗa. A haka na fara sanin fuskokin mutanen garin da na tsufa a cikinsa. Bai taɓa cewa ya yafe ba. Sau da yawa maganar ta zo bakina, in haɗiye, don ina tsoron amsar. Ranar da ya rasu ina kan bene da garwa, ban same shi da rai ba.

Yanzu ina unguwar Shisha, hawa na uku, a gidan ɗana na biyu. Ƙafafun sun daina sauka sai ranar Juma'a. Idon hagu ya yi yana ya mutu da kansa. Na dama yana gani har yau. Ina nan zaune bakin taga da shi, ina jiran ranar da za mu haɗu in ji ko ajiyar ta isa.